Ranar da Na Riƙe Tsuntsuwa

Litinin, ƙarfe huɗu na yamma

Yau aka kwantar da Tsuntsuwa, 'yata. A ɗakin yara aka kwantar da ita, ɗakin da nake zagayawa kowace safiya da farar riga ina tambayar iyaye ko yaro ya ci, ko ya yi kashi. Gadon kusa da taga suka ba ta, wanda ni ma nake ba 'ya'yan mutanen da nake jin nauyinsu. Shekararta shida. Babanta ne ya laƙaba mata Tsuntsuwa saboda cin abincinta, loma biyu ta ce ta ƙoshi.

Sista babba ta kawo min kujerar roba irin ta masu jinya. Tun da na zama likitar yara nake wuce kujerun nan, ban taɓa sanin haka suke cin baya ba.

Babban Likita ya kira ni ofis ya ce daga yau ni uwa ce a ɗakin nan, ba likita ba. Dogo ne zai duba ta. Dogo, ƙaramin likitan da ni na koya wa yadda ake ɗaukar jariri ba tare da ya yi kamar an ba shi ƙwai ba. Na ce to. Ya ce in ɗauki hutu. Na ce to. Ya ce ko akwai abin da nake so in faɗa. Na ce fankar ɗakin tana ƙara, a sa a gyara.

Talata, da hantsi

Sun ɗebi jini. Sakamakon ya fito, Dogo ya riƙe takardar a ƙirjinsa kamar zan ƙwace. Ba sai na ƙwace ba. Na ga fuskarsa, kuma na ga tabon da ke ƙafafunta tun kafin kowa ya gani.

Babanta ya ce, "Me suka ce?"

Na ce sai an ƙara wani gwajin. Gaskiya ne ai.

Laraba, bayan azahar

Zan rubuta shi yadda ya faru.

Yau aka yi mata allurar baya, wadda ake ɗebo ruwa daga ƙashin baya a gwada. A aikinmu akwai ƙa'ida: idan za a yi wa yaro wannan, iyaye waje suke fita. Ni da bakina na sha korar iyaye. Nakan ce, "Mama, ɗan ba mu wuri, yanzu za ki dawo." Wasu su yi fushi, su ce ba ni da tausayi. Dalilin shi ne yaro yana buƙatar wanda zai gudu wurinsa idan an gama. Mu ne mugayen, mun yarda, aikinmu ne. Uwa ta shigo daga baya ta rungume, ta harare mu tare da ɗanta, shi ke nan kowa ya yi nasa.

To na fita. Na tsaya a bakin ƙofa ni da babanta.

Wadda aka sa ta riƙe ta sabuwar nas ce. Daga waje ina jin yadda gadon yake motsi, na san riƙon bai yi ba. Idan yaro ya zille a daidai lokacin da allura ta shiga, na san abin da kan biyo baya. Na ji Dogo yana cewa a ƙara danne ta. Tsuntsuwa tana ta kira, "Mama! Mama, ki zo ki hana su!"

Sai na shiga. Na ce wa nas ɗin, "Matsa." Na kwantar da ita a gefe, na sa hannu ɗaya a bayan wuyanta, ɗaya a bayan gwiwoyinta, na naɗe ta har haɓarta ta taɓa gwiwa, na danne da ƙirjina. Duk asibitin nan babu wanda ya kai ni iya wannan riƙon, ba yabon kai ba. Ko motsi ba ta ƙara yi ba. Na ce wa Dogo, "Shiga." Ya shiga sau ɗaya, ruwan ya fito.

Fuskarta tana daidai ƙasan tawa. Da farko ta ɗauka ɗauke ta na zo yi, har ta fara kama rigata. Da ta gane, sai ta daina kukan. Ta zuba min ido kawai har aka gama.

Sista ta ce min a hankali, "Likita, da kin bari."

Na je na wanke hannu. Da na dawo ta juya wa bango fuska, babanta yana shafa mata kai.

Alhamis, da yamma

Ko uffan ba ta ce min ba.

Juma'a, ƙarfe sha ɗaya na safe

Ta yi min magana. Ta ce, "Likita, ina son ruwa."

Babanta ya yi dariya, matar gadon kusa da mu ma ta yi dariya. Ya ce, "Kai, Tsuntsuwa! Yau kuma Mamanki ce Likita?" Ba ta yi dariya ba. Ta karɓi kofin da hannu biyu, ta sha, ta ce, "Na gode, Likita," irin yadda na koya mata ta yi wa baƙi.

An fara maganin yau. Jaka ce 'yar ƙarama, ruwan cikinta da launi, ana rataye ta a ƙarfe kamar kowane ƙarin ruwa. Na san sunansa, na san abin da yake yi wa gashi da baki da ciki. Na zauna ina kallon yadda yake ɗiga.

Lahadi, da rana

Yaya, babbar 'yar'uwata, ta zo, da ledoji da surutunta. Tun daga ƙofa ta fara: "Ina 'yar lalatacciyar nan da ta tayar mana da hankali? Ke, tashi ki gaishe ni, ba a kwance ake karɓar manya ba." Tsuntsuwa ta yi murmushi, karo na farko tun Laraba. Ta bari Yaya ta ɗora ta a cinya, ta taje mata kai, ta shafa mata mai a ƙafa. Ni na riƙe kwalbar man.

A waje na gaya wa Yaya abin da ya faru. Ta kalle ni sama da ƙasa.

"Ke dai ba ki canza ba. Tun muna yara kike yi wa 'yar tsanata allura da tsinken tsintsiya, ina kuka kina cewa lafiyarta kike nema."

Na ce ai da ban riƙe ta ba, da Allah kaɗai ya san inda allurar za ta tsaya.

"Na yarda. Amma ba nas a asibitin nan sai ke? Sistar nan mai ƙaton hannu fa?"

Ta ce in yi kuka mana in huta. Na ce ba ya zuwa. Ta ce to in ci burodi, ta tura min a hannu.

Talata, da safe

Amai. An canza zanin gado sau da yawa. Babanta take kira ya riƙe mata roba.

Laraba, ƙarfe uku na rana

Matar gadon kusa da mu ta gano ko ni wace ce. Jaririnta yana numfashi da sauri, Dogo yana wani ɗakin, ta ce, "Don Allah Likita, ki taimaka ki duba min shi." Na tashi ban ma yi tunani ba. Na ari abin sauraren ƙirji a wurin nas, na goga shi a tafin hannuna ya yi ɗumi, na yi wa jaririn 'yar muryar nan da nake yi musu. Ya kama min yatsa. Na ce a ɗaga masa kai, a kira Dogo ya ƙara masa iska.

Minti kaɗan ne, amma a cikinsu na ji ni daidai. Kunyar rubuta wannan nake ji. Shekarun da na kwashe ina karatu, da jarabawa, da kwana a tsaye, duk don in iya wannan ne, kuma na iya.

Da na juyo Tsuntsuwa tana kallona. Na koma wurinta na kai hannu zan taɓa goshinta. Sai ta sandare, ta miƙo min hannunta, ta kau da kai ta runtse ido, yadda yara suke yi idan sun san allura ce kuma sun gaji da gardama.

Na ce, "Ba allura ba ce, goshinki kawai zan taɓa."

Ta ce, "To."

Ba ta sauke hannun ba sai da na koma kan kujera.

Alhamis, da yamma

Babanta ya tare ni a wurin ajiye motoci. Ya ce kowa a asibitin nan yana magana da ni da ido, shi kuma an bar shi kamar wanda ya zo rakiya. Ya ce, "Maman Tsuntsu, ki gaya min abin da ke damun 'yata."

Na gaya masa cutar dajin jini ce. Na fara daga yadda jini yake samuwa a jiki, na bi a hankali, na tsaya inda ake tsayawa don mutum ya yi tambaya. Na ce akwai yaran da suke warkewa sarai, da yawa ma. Ya bari na kai ƙarshe.

Ya ce, "Kin iya bayani. Amma don Allah kar ki ƙara yi min muryar asibiti. Ni mijinki ne."

Na buɗe baki in yi masa da ɗaya muryar, na neme ta na rasa. Ya jingina da mota ya yi kuka, ni kuma na lura tayar baya ta yi ƙasa, na ce masa sai a ba ta iska.

Asabar, da rana

Na je gida ɗauko kaya. Takalmanta na makaranta suna bayan ƙofa, ɗaya a kife. Na wanke kayan makarantarta duk da ba su yi datti ba, na shanya, na tsaya a kicin na ci shinkafar jiya daga tukunya. Maƙwabciya ta leƙo ta ce yaya mai jiki. Na ce da sauƙi.

Na saya mata fensir masu launi a hanya. Ta ce, "Na gode, Likita," ta ba babanta ya ajiye mata.

Na yanke shawara: ba zan ƙara taɓa safar hannu ba, ba zan duba ɗan kowa a gabanta ba, idan an zo da allura zan fita tare da babanta. Zan zauna a kujerar nan har ta manta. Yara suna mantawa, ni nake gaya wa iyaye haka.

Litinin, da safe

Gashi a kan matashi. Na tattara kafin ta farka, na rasa inda zan zuba, yana cikin jakata.

Laraba, ƙarfe biyu na rana

Jijiyoyinta sun fara ƙarewa. Maganin yana ƙona su, duk wadda aka yi amfani da ita sai ta taurare ta ɓace. Yau sai da Dogo ya soka sau uku kafin ya samu. Ina waje ina ji. Yanzu ba ta kiran kowa, kukan kawai take yi.

Sista ta fito ta same ni. Ta ce, "Ke da kike samun jijiya a hannun bakwaini, kina tsaye a nan." Na ce Babban Likita ya ce ni uwa ce. Ta ce, "Hmm," ta wuce.

Dogo ya fito rigarsa jiƙe da gumi, ya ce in yi haƙuri. Na ce ya riƙa ɗumama hannun da tsumma kafin ya ɗaure, kuma ya daina neman jijiya da ido, da yatsa ake nema. Ya ce to, ranki ya daɗe. Tausayi ya ba ni, ko kuma na san ya kamata ya ba ni.

Alhamis, bayan la'asar

Ta bar ni na sa mata safa. Barci ne ya fara ɗaukarta, ƙafafunta sun yi sanyi, na sa mata ɗaya, na jira, na sa ɗayar. Ba ta janye ba. Na bar hannuna a kan ƙafar har ya yi min tsami.

Juma'a, da safe

Ta bar ni na riƙe mata kofi. Ba ta ce Likita ba, ba ta ce komai ba. Na kira Yaya na gaya mata, ta ce, "Sannu da ƙoƙari, an ba ki muƙamin mai riƙe kofi."

Lahadi, da hantsi

Zazzaɓi. Mai zafi, irin wanda muke tsoro ga yaran da ke kan wannan maganin. Zan rubuta anjima.

Lahadi, da yamma

Jikinta ba shi da abin da zai yaƙi ciwo yanzu, don haka idan zazzaɓi ya zo dole maganin kashe ƙwayoyin cuta ya shiga jijiya nan take, ba a jira. Ita kuma allurar da ke hannunta ta toshe tun safe.

Na fita kamar yadda na saba. Dogo ya gwada a hannun dama, ya gwada a hagu, ya koma ƙafa. Aka aika a kira likitan da ke sa barci, shi ma gwani ne, aka ce yana ɗakin tiyata, ba yanzu ba. Babban Likita ba ya gari. Kukanta ya fara yin ƙasa-ƙasa, kuma ba don ta haƙura ba ne. Na san wannan kukan.

Dogo ya buɗe ƙofa. Safar hannu kawai ya miƙo min.

Na tuna safar ƙafa, na tuna kofin. Abin da na tara ke nan a duk kwanakin nan, kuma na san ina shiga ya tafi. Babanta ya kalle ni ya ce, "Ki je." Na karɓa na sa, na shiga.

Leɓenta ya bushe, idonta ya faɗa. Duk inda na duba filasta ne da tabo. Na ce a kawo tsumma mai ɗumi, na naɗe mata hannun hagu, na durƙusa daidai fuskarta. Ban taɓa yi wa yaro ƙarya a kan allura ba. Na ce, "Zai yi zafi. Amma sau ɗaya zan yi."

Ta kalli safar da ke hannuna, ta kalle ni. Ta miƙo hannun ta kau da kai.

Na bi da yatsa a hankali. A gefen babban yatsa na ji ta, siririya kamar zare, tana gudu. Na ja fatar na tsayar da ita, na shiga. Jini ya leƙo. Sista ta ce alhamdulillahi da ƙarfi, ta haɗa maganin, na manna filasta da kaina.

Tsuntsuwa ta ce, "Likita, kin gama?"

Na ce na gama.

Ta ce, "To ki je ki kira min Mamana. Ki ce mata tun ran nan nake kiranta."

Dogo ya sunkuyar da kai. Na ce to, na miƙe, na fita na ja ƙofa.

A waje na cire safar. Ban san tsawon lokacin da na yi a tsaye ba, ina kallon kwandon shara. Tsoro nake ji, tsoro sosai, rabona da in ji wani abu haka tun ranar da aka kwantar da ita. Sista ta fito ta kama kafaɗata ta juya ni, ta ce, "Yarinya tana jira. Yadda kike gaya wa iyaye, haka za ki yi. Ki shiga da gudu."

Na buɗe ƙofar da ƙarfi na ce, "Ina 'yata? Wa ya taɓa min 'yata?"

Ta kalle ni. Sai ta ɗaga hannun da ba allura, ta fashe da kuka irin wanda ba ta yi ba tun ranar allurar baya, da dukan ƙarfin da ya rage mata. Na hau gadon da takalmina na ɗauke ta. Jikinta zafi kamar garwashi, ba nauyi ko kaɗan. Ta cusa fuska a wuyana tana cewa Mama, Mama, ina kika je. Na ce ga ni. Muryar da ta fito ban shirya ta ba, babanta da ya biyo ni ciki ya juya ya fuskanci taga.

Da ta ɗan lafa sai ta fara kawo min ƙara. Ta nuna min tabon ɗaya bayan ɗaya, nan, da nan, da ƙafa, da nan ma. Kowanne na ce sannu, na hura mata. Ta kai hannuna kanta ta nuna min inda gashin ya zube. Sannan ta kai shi bayanta.

"Nan kuma wata likita ce ta danne ni. Ina ta kiranki."

Na ce, "Ba ta kyauta ba. Zan je in yi mata faɗa, in ce kar ta ƙara zuwa kusa da ke."

Ta kalli sabon filastan da ke hannunta.

Ta ce, "A'a, ki bar ta ta riƙa zuwa. Ita sau ɗaya take yi. Amma in ta gama ki zo da wuri."

Na ce zan zo.

Zazzaɓin bai sauka ba tukuna. Dogo ya ce sai mun ga gobe, ni ma na san sai mun ga gobe. Tana barci a kan hannuna na hagu, da dama nake rubutun nan.